Tambaya da Amsa: Abin da Ake Gani a Saman Zamfara da Dare

Wasiƙun da suka taru a wannan karo daga Zamfara suka fito, kuma dukansu a kan sararin samaniya suke. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Tun ina yaro nake jin ana cewa Zara matar wata, kuma nakan gan ta a yamma bayan faɗuwar rana. Amma sai a yi watanni ba a gan ta ba, alhali sauran taurari suna nan. Ina take zuwa? Wani ɗana ya ce mini wai ita ce Gamzaki, ni kuwa ban yarda ba, domin Gamzaki da asuba yake fitowa a gabas. Daga wani dattijo manomi, Kaura Namoda.

Amsa: Baba, Allah ya ja kwana. Ɗanka yana da gaskiya, kuma ɓacewar nan da ka lura da ita ita ce babbar hujjarsa. Zara duniya ce da girmanta ya kusa kai na tamu, ita ce littattafan malamanmu suke kira Zuhura, kuma hasken rana ne yake sauka a kan farin gajimaren da ya lulluɓe ta, ya dawo mana. Tana kewaya rana cikin kwana 225, mu kuma cikin 365, kuma da yake hanyarta ta fi tamu kusa da rana, ba ta taɓa yin nisa da ita a idonmu fiye da kimanin digiri 47. Shi ya sa ba za ka taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Idan ka ga wani mai haske sosai a can a wannan lokaci, mafi yawa duniyar Mushtari (Jupiter) ce.

Idan tana gabas da rana, rana takan riga ta faɗuwa, sai mu gan ta a yamma, ta yi wata takwas zuwa tara a haka. Daga nan sai ta ratsa tsakaninmu da rana, ta ɓace na mako ɗaya ko biyu, sannan ta ɓullo a gabas kafin fitowar rana, mutane su ce Gamzaki ya fito. Bayan ta yi wasu watanni takwas zuwa tara tana tashin masu sallar asuba, sai ta zagaya ta bayan rana, ta ɓace na kimanin wata biyu, ta sake dawowa yamma. Zagayen gaba ɗaya kwana 584 ne, wato wata 19 da 'yan kwanaki. Idan ka sa jikokinka suka rubuta ranar da ka daina ganinta a yamma, za su iya tabbatar da lissafin da kansu.

Kusancinta da jinjirin wata kuwa a ido ne kawai. Wata yana nisan kilomita 384,000 daga gare mu, ita kuwa ko a lokacin da ta fi kusa ta ninka wannan nisa sau ɗari. Kyanta ma daga nesa ne, domin zafin doronta ya haura digiri 460, kuma kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Venera 7, wanda ya sauka a kanta a watan Disamba na 1970, minti 23 kacal ya yi yana aiko da saƙo daga can.

Tambaya: Kwanakin baya bayan sallar magariba muna zaune a tsakar gida, sai muka ga wasu fitilu sun yi jerin gwano a sama, suna tafiya ba ƙara, can sai suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Yara suka ruga ɗaki, mu manya ma hankalinmu ya tashi, saboda halin da ake ciki. Mene ne wannan? Daga wata uwa, Tsafe.

Amsa: Hajiya, ba wanda zai ga laifinku, domin wanda ya daɗe yana kwana da ido ɗaya dole ya tsargu da duk baƙon haske. Siffar da kika bayar ta yi daidai da taurarin ɗan'adam na Starlink, waɗanda kamfanin SpaceX na Amurka yake harbawa domin samar da intanet. Ya harba rukunin farko na guda 60 a watan Mayu na 2019, yanzu kuwa dubbai ne, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara amfani da su, a farkon 2023. Roka ɗaya takan saki da yawa a lokaci guda, saboda haka a kwanakin farko suna tafiya a jere, sai daga baya su rarrabu yayin da suke hawa zuwa mazauninsu, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa.

Ba fitila suke kunnawa ba. Bayan magariba rana ta faɗi a wurinmu, amma a can sama tana nan tana haska su, kuma ɓacewar da kika ga sun yi ɗaya bayan ɗaya shigarsu ce cikin inuwar duniya. Don haka ake ganinsu sa'a ɗaya zuwa biyu bayan faɗuwar rana, ko kafin fitowarta. Alamar da za ki koya wa yara ita ce wannan: tauraron ɗan'adam haskensa fari ne, ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara, ba ya tsayawa, ba ya juyawa. Abin da yake ƙyafta ja da kore, ko yake ruri, ko yake shawagi a wuri ɗaya, wannan jirgi ne ko makamancinsa.

Wata rana kuma za ku ga guda ɗaya tilo, mai haske kusan na Zara, ya ratsa sama cikin 'yan mintuna. Wannan Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ce, mai nisan kimanin kilomita 400, wadda take gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a, tana kewaya duniya sau 16 a kwana ɗaya, kuma tun watan Nuwamba na 2000 ba a taɓa rasa mutane a cikinta ba. Asalin wannan duka shi ne Sputnik 1, ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan kilo 84 da Tarayyar Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoba, 1957. Ƙasarmu ma ta shiga sahu: an kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, sannan NigComSat-1R na sadarwa daga Sin a watan Disamba na 2011.

Tambaya: Malam, da gaske ne mutum ya taka wata? Abokaina suna cewa fim ne Amurkawa suka shirya, tunda tuta tana kaɗawa alhali babu iska, ba a ga taurari a hotunan ba, kuma har yau ba wanda ya sake sauka. Daga wani ɗalibin sakandare, Gusau.

Amsa: Ɗana, na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka karɓi maganar kowane ɓangare haka nan. Amsar ita ce an taka wata, kuma sau shida aka sauka. Kumbon Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka ranar 20 ga wata, Michael Collins yana kewayawa a sama yana jiransu, suka dawo gida ranar 24. Daga nan zuwa Apollo 17 a watan Disamba na 1972, mutum 12 ne suka yi tafiya a doron wata, suka kwaso duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Aikin bai tafi salin alin ba: mutum uku sun mutu a gobarar gwaji a watan Janairu na 1967, kuma Apollo 13 ya samu matsala a hanya a 1970, da ƙyar mutanensa suka dawo da rai.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ba daga bakin Amurka take ba. A wancan zamani Tarayyar Sobiyet ce abokiyar hamayyarta, ita ce ta riga ta kai mutum sararin samaniya, wato Yuri Gagarin, ranar 12 ga Afrilu, 1961, kuma tana da na'urori da masanan da za su gane ƙarya idan an yi ta. Da ta samu ko ƙanƙanuwar kafa da ta tona asiri, amma ba ta musa ba. Ita da kanta ta aika kumbo marar matuƙi, Luna 16, ya ɗebo giram 101 na ƙasar wata a 1970, masana suka samu abin gwadawa da na Apollo. Ban da wannan, 'yan sama jannatin sun bar wasu madubai a can, waɗanda har yau cibiyoyin bincike a Amurka da Faransa suke harba musu hasken lesa, ya je ya dawo cikin kimanin daƙiƙa biyu da rabi. Da wannan awo ne aka gano cewa wata yana nisantarmu da santimita 3.8 a kowace shekara. Kumbon da ake kira LRO, wanda yake kewaya wata tun 2009, ya ɗauki hotunan wuraren saukar, ana ganin gindin kumbunan da sawun da aka bari.

Maganar tuta mai sauƙi ce, an zura mata sanda a gefen sama domin ta tsaya a buɗe, tunda an san babu iskar da za ta ɗaga ta. Maganar taurari kuwa ka gwada da kanka yau da dare: ka ɗauki hoton shagon da aka kunna wa fitila mai ƙarfi da wayarka, ka duba ko tauraro ko ɗaya zai fito a saman hoton. Da rana aka sauka a wata, ƙasa tana ƙyalli, aka daidaita kyamara da wannan haske. Dalilin dakatawa kuma kuɗi ne da siyasa, domin a tsakiyar shekarun 1960 hukumar sararin samaniyarsu, NASA, tana cin kimanin kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka, kuma da aka ci gasar sai majalisa ta tsuke bakin aljihu.

Idan wani ya kawo maka batun ta fuskar addini, ka kai wa malamai, su ne ma'abota fatawa. Abin da zan iya gaya maka na tarihi shi ne Musulmi sun je sararin samaniya sun dawo: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a watan Yuni na 1985, da likitan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor a watan Oktoba na 2007, wanda tafiyarsa ta faɗo cikin Ramadan, har malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora a kan salla da azumi a can.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta yarda ta saya mana madubin hangen nesa. Wane iri ya dace, me za mu nuna wa yara a wannan lokaci, kuma ko za mu iya hango kayan da aka bari a wata? Daga wani malamin makaranta, Talata Mafara.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da su da alheri. Wannan ita ce wasiƙar da ta fi faranta mini rai, domin a ganina yaron da ya taɓa ganin zoben duniyar Zuhal (Saturn) da idonsa ba zai ƙara ɗaukar kimiyya a matsayin hadda ta cin jarrabawa ba. In fara da tambayarka ta ƙarshe: ba za ku gan su ba, ko manyan madubai na duniya ba sa iyawa daga ƙasa, domin neman gindin kumbon Apollo daga nan daidai yake da mutum ya tsaya a Gusau yana neman ƙwayar gero da aka ajiye a Kaura Namoda.

Wajen saye, kada lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruɗe ku. Ƙaramin madubin da aka ce yana ƙara girman abu sau 500 dishi-dishi kawai zai nuna. Faɗin bakin madubi shi ne abin dubawa, domin shi yake tara haske, sai kuma ƙarfin ƙafafun da yake zaune a kai. Idan kuɗin ya isa, ku nemi mai faɗin santimita 15 irin na Dobson, wanda yake zaune a kan akwatin katako ana juya shi da hannu, ba ya bukatar lantarki ko batir. Sunan John Dobson ya ci, mutumin da tun ƙarshen shekarun 1960 yake kafa madubinsa a bakin titi a San Francisco yana kiran masu wucewa su zo su leƙa kyauta. Idan bai isa ba, madubi mai ido biyu da aka rubuta wa 10x50 ya wadatar da farko, muddin an ɗaure shi a kan abin da ba ya rawa.

Ku fara da wata, tsakanin daren 5 da na 9 ga watan Musulunci, ku duba iyakar da ke tsakanin haske da duhu, inda inuwa take fito da ramuka da tsaunuka ɓaro-ɓaro. Daren sha huɗu bai dace ba, haske yakan shafe komai. Idan Mushtari yana sama, za ku ga ɗige huɗu a jere a gefensa, su ne watanninsa da masanin Italiya Galileo ya gano a watan Janairu na 1610. Ka sa kowane yaro ya zana su a littafinsa dare uku a jere, su da kansu za su ga sun sauya wuri. Za su kuma lura cewa abin da aka saita yana zamewa daga madubi cikin ɗan lokaci, a nan sai ka gaya musu cewa juyawar duniya ce suke gani. Manhajar Stellarium za ta nuna muku inda Mushtari da Zuhal suke a kowane dare.

A farkon Disamba, da zarar duhu ya shiga za ku tarar da Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, ta riga ta ɗaga a gabas. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, madubi kuwa zai nuna gommai. Wajen sallar isha'i taurari uku da suka jeru a layi ɗaya za su fito, a kudu da su kuma akwai wani ɗan hazo da madubi zai nuna, gajimare ne da ake haifar sababbin taurari a cikinsa. Wajen ƙarfe tara Shi'ira za ta bayyana, tauraruwar da ta fi kowace haske, wadda aka ambata a Suratun Najmi, kuma hasken da ke shiga idonku ya baro ta fiye da shekara takwas da suka wuce. Kowane dare taurari suna riga jiya fitowa da minti huɗu, sa'a biyu ke nan a wata. A kan wannan tafiya aka gina lissafin manzilolin nan 28 masu kwana 13-13 da manomanmu suke auna damina da su, don haka yana da kyau ka gayyato dattijon da ya san su ya zauna da yara. Da yake muna kimanin digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, muna ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa, muna kuma ganin mafi yawan taurarin kudu da mutanen Ingila ba sa gani.

Ina roƙonka kada madubin ya zama na ɗalibai kaɗai. Ku ware dare ɗaya a wata, a cikin harabar makaranta, da sanin mai unguwa da jami'an tsaro, a fara bayan magariba a tashi da wuri, a kuma ba mata da 'yan mata nasu layin. Babu bukatar fita bayan gari. A kashe fitilu, a ajiye wayoyi, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Hazon hunturu zai ɓata muku wasu darare. Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama, sun fi kyau, kuma Makon Sararin Samaniya na Duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, a nan yake faɗowa. A riƙa rufe madubin saboda ƙura, kada kuma kowa ya goge gilashinsa da bakin riga.

Tambaya: Na tuna ranar da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau har kaji suka nufi akurki. Yaushe za a sake? Daga wani ɗan kasuwa, Gusau.

Amsa: Alhaji, ranar Laraba ce, 29 ga Maris, 2006, lokacin da wata ya shiga tsakaninmu da rana, inuwarsa ta ratsa Gana, Togo, Benin, Najeriya, Nijar, Chadi da Libiya. Ranar 2 ga Agusta, 2027 za a yi cikakken husufi a Masar da Jidda da Makka, mu a nan ɓangare za mu gani. Ranar 20 ga Maris, 2034 inuwar za ta sake ratsa Najeriya, amma ta wajen Legas. Kada a kalli rana da ido, ko da baƙin tabarau, ko a cikin ruwan kwano, balle da madubin hangen nesa, wanda yake iya makantar da mutum nan take. A huda kwali, a juya wa rana baya, a kalli surarta a ƙasa.

Tambaya: Kakata takan ce idan tauraro ya faɗo wani babban mutum ne ya rasu. Haka ne? Daga wata ɗaliba, Gummi.

Amsa: 'Yata, ki gaishe da kaka, ki kuma gaya mata cikin ladabi cewa ajali yana hannun Allah, kuma abin da ake gani ba tauraro ba ne, domin taurari irin ranarmu ne, da yawansu ma sun fi ta girma. Ɓarɓashin dutse ne yake shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita gommai a daƙiƙa, ya ƙone a nisan kilomita 80 zuwa 100. A daren 13 da na 14 ga Disamba na kowace shekara duniya tana ratsa wani tarin irin wannan ɓarɓashi, don haka ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida daga ƙarfe goma na dare, ku kwanta rigingine ku ƙirga; idan babu farin wata da hazo, za ku ga da yawa cikin sa'a guda.

Wani lokaci babba yakan iso ƙasa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, a ƙasar Katsina maƙwabciyarmu, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da yake korar hankaki a gonarsa. Daga baya masana suka tarar da iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a duniyar Mirrihu (Mars) a 1976, wato daga can ya fito. Duk wanda ya ga irin wannan ya faɗo, kada ya wanke shi ko ya farfasa shi. Ya lura da wurin da lokacin, ya sa shi a leda mai tsabta, ya kai sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa.